Kafin a Rataye Kwale-kwale da Farantan Sola a Bayan Jirgin Ruwa

Ya Edita,

Ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida in yi bayani a kan wani aiki da masu doguwar tafiya a teku da jirgi mai filafilai suke yawan yi, wato kafa maratayin ƙaramin kwale-kwale a bayan jirgi da ɗora farantan sola a samansa. Na yi wannan aiki a jirgina mai tsawon mita 12, na yi kuskure a cikinsa, na sake yin sa, kuma abin da na fahimta shi ne yawancin masu shirin yin sa suna kashe lokacinsu wajen lissafin wutar da farantan za su bayar, alhali abin da zai tabbatar da ɗorewar aikin ko rushewarsa shi ne nauyin da aka jibga wa bayan jirgi da kuma ƙarfin wurin da aka kafa ƙarafan.

Dalilin yin aikin a fili yake. Wanda ya jefa anka nesa da gaɓa ba shi da hanyar zuwa tudu sai da ƙaramin kwale-kwale, kuma idan ya bar shi a ruwa yana ja da igiya, zai rage wa jirgi gudu, igiyar tana iya naɗe farfelar inji, gansakuka da ƙananan halittun teku su manne a ƙarƙashinsa cikin makonni kaɗan, ga kuma ɓarayi da dare. Maratayin, wanda matuƙa suke kira dabit, hannuwa ne biyu na ƙarfe da suke miƙewa daga bayan jirgi zuwa saman ruwa, ana ɗaga kwale-kwalen da igiya a rataye shi a jikinsu. Da yake saman waɗannan hannuwa ne wurin da ya fi nisa daga inuwar filafilai, nan ne kowa yake son shimfiɗa farantan sola, domin ya huta da tayar da inji kullum don cajin batir. Saboda haka ayyukan biyu suka zama aiki ɗaya, kuma duk wanda ya tsara ɗaya bai yi la'akari da ɗayan ba, to zai biya mai walda sau biyu.

Bari in fara da lissafin da na yi wa kaina bayan ɓarna ta riga ta auku. Kwale-kwalen roba mai tsawon mita 3 da ƙasansa yake na alminiyam yakan kai kilo 45 zuwa 55, injin da ake maƙala masa mai ƙarfin doki 10 zuwa 15 yakan kai kilo 40 ko fiye, sannan ga tankin mai da ƙaramar anka da matuƙai, wanda duka ya tasam ma kilo 100 ko ya wuce. Kilo 100 ba abin tsoro ba ne idan an ajiye shi a kan daɓen jirgi. Amma idan aka rataye shi a ƙarshen hannun da ya miƙe mita 1.2 daga gindinsa, kuma tazarar da ke tsakanin notunan gaba da na baya a gindin ba ta wuce santimita 15 ba, to ƙarfin da yake ƙoƙarin tumɓuke notunan gaba ya ninka sau takwas, wato kilo 800, wanda hannuwan biyu za su raba, kuma ba daidai za su raba ba, domin ɓangaren da inji yake ya fi ɗaukar kaya. Wannan lissafin jirgi a tsaye ke nan cikin ruwa mai kwanciya. Da zarar jirgi ya hau igiyar ruwa ya faɗo, nauyin yakan ninka na ɗan lokaci, kuma yana yin haka sau dubbai a yini guda.

Shi ya sa abin da ke ƙarƙashin daɓe ya fi abin da ke samansa muhimmanci, ko da yake ba wanda yake ganinsa. Daɓen yawancin jiragen zamani ba dunƙulalliyar faiba ba ce; fata biyu ce ta faiba da aka saka katakon balsa ko soso mai tauri a tsakaninsu domin rage nauyi. Idan aka huda irin wannan daɓe aka ɗaure noti kai tsaye, tsakiyar takan murƙushe, notin ya yi sako-sako, ruwa ya samu hanya, kuma sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga: cikin 'yan shekaru katakon zai ruɓe, daɓen ya riƙa lotsawa a ƙarƙashin ƙafa. Hanyar da ta dace ita ce a huda rami da ya fi notin faɗi, a ƙwaƙule tsakiyar da ke kewaye da shi, a cika da gam ɗin ifoksi mai kauri, a bari ya bushe, sannan a sake huda ramin daidai da notin, a sa abin toshe ruwa a gindin ƙarfen. Daga ƙasa kuma dole a sa faffaɗan farantin ƙarfe mai kauri da zai baza nauyin, ba ƙananan washa ba, wato 'yan zobban ƙarfen da ake sa wa noti. Idan da hali, a ƙara wa kowane hannu madogari da zai sauka zuwa bangon baya na jirgi, domin faɗaɗa gindi shi ne abin da ya fi rage wancan ninki takwas da na ambata.

Ni dai ƙananan washa na sa a karon farko, bisa shawarar wani mai gyara da ya ce sun isa, kuma sun isa ɗin har tsawon watanni biyar. Wata rana muka kwana a kan anka, aka kwana ana ruwa kamar da bakin ƙwarya, ni kuma na manta ban zare murfin ramin da ruwa yake fita ta bayan kwale-kwalen ba. Da asuba na fito na tarar igiyoyin sun miƙe sun yi tauri kamar waya, kwale-kwalen ya cika har kusan rabinsa, takalman da na bari a ciki suna yawo a kan ruwa. Da na durƙusa na duba gindin hannun dama, sai na ga farin fentin daɓen ya tsattsage siriri-siriri kamar saƙar gizo-gizo, gefen ƙarfen kuma ya ɗago har farcena yana shiga ƙarƙashinsa. Lissafin ba shi da wuya: lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, kuma ruwan sama na milimita 50 da ya sauka a kan fili mai murabba'in mita 3 ya zama lita 150. A dare guda nauyin da ke rataye ya ninka fiye da sau biyu ina barci.

Idan ruwan sama ya yi haka a wurin da babu igiyar ruwa, mai karatu zai iya ƙiyasta abin da zai faru idan igiyar ruwa ta fashe a bayan jirgi a tsakiyar teku ta cika kwale-kwalen cikin daƙiƙa ɗaya. Wannan ne ya sa ƙwararrun matuƙa da dama, idan za su yi doguwar tafiya irin ta ayarin ARC na jirage masu ƙetare tekun Atlantika, wanda Jimmy Cornell ya fara a 1986 kuma yake tashi daga Las Palmas a tsibiran Kanari zuwa Sent Lusiya, tafiyar kimanin mil 2,700 na teku, sukan sauke kwale-kwalen daga maratayi, su sace iskarsa ko su kife shi a gaban jirgi su ɗaure tam. A ganina maratayi na gajeruwar tafiya ne tsakanin tsibirai da kuma kwana a kan anka. Ko a nan ma bai kamata a bar kwale-kwalen yana lilo ba; a ja shi har ya manne da hannuwan, a ɗaure shi da igiyoyi biyu a gicciye, domin lilon da gugar sun fi nauyin kansa saurin cinye ƙarfe da roba.

Game da ƙarfen kuwa, a nemi wanda ba ya tsatsa mai lamba 316, domin mai lamba 304 yakan yi jan tabo a iskar gishiri. Kuma tun da firam ɗin farantin sola na alminiyam ne, idan ya haɗu da wancan ƙarfe a inda gishiri da danshi suke, alminiyam ɗin ne zai riƙa cinyewa yana zama farin gari, sai dai idan an raba su da roba ko an shafa man da aka yi don wannan, irin su Tef-Gel ko Duralac.

Yanzu sai maganar wuta. Adadin wat da aka rubuta a bayan faranti an auna shi ne a ɗakin gwaji, da hasken da ya kai wat 1,000 a kan kowane murabba'in mita, farantin kuma yana kan zafin digiri 25. A kan jirgi farantin a kwance yake ba ya fuskantar rana sosai, jirgin yana juyawa a kan anka yadda iska ta ga dama, kuma da rana ta take farantin yakan yi zafin da ya wuce digiri 50, alhali kowane digiri ɗaya sama da 25 yana rage masa kimanin kashi 0.3 zuwa 0.4 cikin ɗari. Lissafin da na ga ya yi daidai a wurare masu rana shi ne a ninka wat ɗin sau huɗu: farantai masu wat 400 za su ba da kimanin wat-awa 1,600 a yini, wato amfiya-awa 120 ko ɗan sama a batir mai bolt 12. Firji kaɗai a yanayin zafi yakan sha amfiya-awa 40 zuwa 60, na'urar da take tuƙa jirgi da kanta kuma tana jan amfiya 3 zuwa 5 muddin ana tafiya, dare da rana. Wanda bai zauna ya rubuta abin da kowace na'ura take sha ba kafin ya sayi faranti, cikin duhu yake ciniki.

Babban abokin gabar faranti a jirgi shi ne inuwa, kuma ba sai babba ba. Ƙananan ɓangarorin da ke cikin faranti a jere aka haɗa su, ɗaya na bin ɗaya, don haka idan inuwa ta rufe guda, sai ta shaƙe duk layin da yake ciki. Yawancin farantai an raba su gida uku ne, kowane gida da 'yar na'urar da take ba wuta damar tsallake shi, saboda haka ƙaramar inuwa tana iya cinye sulusin faranti. Na taɓa tsayawa da tsakar rana ina kallon mita tana nuna amfiya 21, sai jirgi ya ɗan juya, inuwar sandan da na kafa radar a kansa ta kwanta a gefen faranti ɗaya, faɗinta bai wuce tafin hannu ba, nan take mita ta sauko zuwa 13. Maganin da na samu shi ne na ba kowane faranti tasa na'urar daidaita caji, irin wadda ake kira MPPT, ta yadda inuwar da ta faɗa wa ɗaya ba za ta ja ɗayan ƙasa ba, sannan na mayar da radar ɗin can gaba a jikin ginshiƙin filafili. Wayoyin kuma su zama na tagulla da aka yi wa rufin kuza, masu kaurin da asarar wuta a hanya ba za ta wuce kashi 3 cikin ɗari ba, a sa fis kusa da batir, wanda ƙa'idar ABYC, ƙungiyar da ke tsara ƙa'idojin ƙananan jiragen ruwa a Amurka, ta ce kada ya wuce inci 7 daga inda aka haɗa, kuma a fara haɗa na'urar da batir kafin a haɗa ta da faranti.

Akwai abubuwan da ba a tunawa da su sai an gama walda. Farantai masu wat 400 sun kai murabba'in mita 2, kuma ƙarfin iska yakan ninka sau huɗu duk lokacin da gudunta ya ninka sau biyu, ta yadda guguwa mai gudun kilomita 110 a awa za ta danna kowane murabba'in mita da ta buga kai tsaye da kimanin kilo 60. Don haka a ɗaure farantan ta yadda mutum ɗaya zai iya kwance su cikin sauri. Nauyin kwale-kwale da ƙarafa da farantai, idan aka haɗa, yakan kusan kai kilo 200 a can ƙarshen jirgi, wanda yake sa bayan ya nutse kaɗan, jirgin ya riƙa sukuwa a kan igiyar ruwa, wani lokaci ma bakin salansar injin ya koma ƙarƙashin ruwa. Kwale-kwalen da aka rataye yakan tare farar fitilar baya, wadda dokokin hana karo a teku na 1972 suka wajabta a gan ta a faɗin digiri 135 daga nisan mil 2, don haka dole a ɗaga ta zuwa saman maratayin. Yakan kuma tare tsanin hawowa daga ruwa, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne ranar da wani ya faɗa teku. Wanda yake da na'urar tuƙi mai aiki da iska a bayan jirginsa zai tarar farantan sun tare mata iskar, ya zama an gudu daga gara an faɗa gidan zago, domin sai ya koma ga mai shan wuta. Hatta tashoshin da ake ɗaure jirage, da yawansu da tsawon jirgi gaba ɗaya suke lissafin kuɗi, har da mitar da maratayin ya ƙara.

Da na sake aikin, na sa farantin ƙarfe mai kaurin milimita 6 a ƙarƙashin kowane gindi, na ƙara madogarai biyu zuwa bangon baya, na daina rataye kwale-kwalen da injinsa, sai dai in cire injin in ɗaure shi a jikin shingen baya kusa da daɓe. Na kuma daidaita igiyoyin ta yadda bayan kwale-kwalen zai fi goshinsa sauka kaɗan domin ruwa ya gangara ya fita, murfin ramin kuwa na ɗaure shi da ɗan zare a jikin ƙugiyar da nake ɗagawa da ita, ta yadda hannuna ba zai kai ga ƙugiyar ba sai ya taɓa shi.

Naka mai karatu,
Wani matuƙin jirgi mai filafilai