Wasiƙar Makaranta ga Iyaye da Masu Riƙon Yara: Aikin Zanen Bado na Aji Biyu

Assalamu alaikum. Muna fatan kuna lafiya, ku da iyali.

Dalilin wasiƙar nan shi ne aikin zane na 'yan aji biyu na ƙaramar sakandare. Tun da yara suka kai gwajin farko gida ƙorafi bai yanke ba: wai jagwalgwalo ne, wai malami bai koya musu jan layi ba. Har an samu gidan da aka kai wa mai zanen allon shago takardar yaro ya “gyara” ta. Mun gane, kuma takardar da aka “gyara” ɗin ba ta da maki.

Salon da ake koya musu daga Faransa ya fito. Sunansa Impireshinizim, daga wani zane da Claude Monet ya yi a 1872 na fitowar rana a tashar jiragen ruwa, aka nuna shi a Paris a 1874. Abin da masu salon ke bi shi ne yadda haske ya sauka kan abu a wannan lokacin da ake kallo, ba su damu da ƙirga jijiyar ganye ba. Monet ya koma ƙauyen Giverny a 1883. A 1893 ya sayi fili, ya janyo ruwa daga rafi ya yi tafki, ya shuka bado, ya ɗora gada irin ta Japan. Wannan tafkin ya yi ta zanawa har rasuwarsa a 1926, zane kusan 250. Yakan jera alluna da yawa, da haske ya canza sai ya ajiye wannan ya ɗauki wancan. Mun zaɓi aikin ne don badon ba baƙo ba ne a wajenmu, kuma ruwa ne da ganye da fure, babu siffar mutum ko dabba, don masu tambaya.

Malamin zane, Allah Ya saka masa da alheri, shi ya shiga ruwa da kansa ya ciro bado, ya dasa a manyan baho uku a bayan ɗakin karatu. Saboda haka babu yaron da aka aika kududdufi ko tafki. Duk wanda ya ce muku makaranta ta tura shi, ƙarya yake. Ruwan ƙarshen damina na da zurfi, ga tsargiya.

Kowane yaro ya zo ranar Litinin da farin kwali mai kauri guda biyu, buroshi biyu (mai faɗin baki kamar ɗan yatsa da siriri), tsohon faranti, tsumma, gwangwani biyu na ruwa, da fentin ruwa kala biyar: fari, rawaya, ja, shuɗi, kore. Ban da baƙi. Wannan shi ne abin da ya fi ba iyaye mamaki. Inuwar da ke ƙarƙashin ganye a kan ruwa, idan kun kalle ta da kyau, shuɗi ce mai sirkin shunayya, ana samun ta da shuɗi da ɗan ja. Baƙin fenti rami yake yi a takarda, sai ruwan ya mutu.

A fuskar ruwa abu uku yaro zai gani: hoton sararin sama da bishiya da suka faɗo ciki, ganyen da ke kwance a sama, da duhun ƙasan baho. Ana fara shimfiɗa ruwan da babban buroshi. Hoton bishiya ana jan sa daga sama zuwa ƙasa, ganyen bado kuwa a kwance, da gajeren shafi. Wannan saɓanin shi ke sa ganye ya hau kan ruwa. Ganye zagayayye ne, amma daga gefe kamar ƙwai a kwance yake, kuma na nesa ya fi ƙanƙanta da sirancewa. Yaron da ya zana su duk kamar faifai, tafkinsa miƙewa zai yi tsaye kamar bango. Fure shi ne na ƙarshe, fari mai kauri, taɓi biyu ko uku, a ɗiga rawaya a tsakiya.

Ba a dama kala a faranti kamar kunu. Ana ajiye shuɗi kusa da kore, rawaya kusa da shunayya, ido ne zai haɗa su idan an ja baya. Kala ta wuce uku a wuri ɗaya, laka za ta zama. Haka ma idan aka shafa a kan jiƙaƙƙen fenti ko ba a wanke buroshi ba. Shi ya sa gwangwani biyu, ɗaya na wanki ɗaya na ɗauraya. In yaro ya nuna muku aikinsa, ku jingine shi da bango, ku ja baya taku biyar kafin ku yi magana.

Za a zana baho ɗaya sau biyu, ƙarfe takwas na safe da ƙarfe ɗaya na rana, minti arba'in kowanne, don bayan haka hasken ya riga ya canza. Farin badon yana tsuke bakinsa da rana ta ɗaga, wanda ya makara ganye kawai zai tarar. Iyayen da yaransu ke shigowa bayan an tashi daga taron safe sun san kansu. Muna kuma so a gama kafin hazo ya sauka ya dusashe kaloli.

A sa wa yaro tsohuwar riga a jaka, kada a zo mana da kukan fenti a yunifom.

Za a baje zanen ranar taron iyaye da malamai, Asabar ta ƙarshen wata, ƙarfe goma. Muna godiya ga malamar aji biyu da ta ba da darasinta ɗaya don aikin. Ragowar kuɗin zango a kai wa ma'aji kafin hutun tsakiya. Sanyi ya kusa, rigar sanyi kalar makaranta kawai.

Wassalam,
Shugaban Makaranta