A ƙirga mu a lokacin da muke gida

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a shafin wasiƙu in yi magana a kan ƙauyenmu, wani ɗan ƙaramin gari a ƙasar Gumel ta Jihar Jigawa, kusa da iyakar Nijar. Na bar sunansa, domin duk wanda ke zaune a kan yashin nan, daga Maigatari har Gagarawa, zai ga garinsu a cikin abin da zan faɗa. Ni malamin firamare ne mai ritaya. A nan aka binne cibiyata, a nan kuma nake zaune har yau.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami ya faru ne a tsakiyar ranin da ya wuce. Maƙwabcina, dattijo ne da muka yi shekara da shekaru katanga ɗaya, Allah Ya yi masa rasuwa bayan sallar asuba. Muka fito domin haƙa kabari, sai muka tsaya muna kallon juna. Daga mu masu dogara sanda sai yara 'yan makarantar allo. Yara biyu da gemu bai tsiro musu ba su suka riƙe diga da shebur, muna nuna musu inda za su yanka. Da aka zo ɗaukar makara sai da muka aika rugar Fulanin da ke gabas da mu, Allah Ya saka musu da alheri, suka zo suka kama mana. Mamacin yana da 'ya'ya maza uku. Ɗaya yana ga-ruwa a Legas, ɗaya yana gadi a Fatakwal, ƙaramin yana leburanci a wajen masu gini a Abuja. Dukansu ta waya suka ji mutuwar mahaifinsu, kuma ɗaya ne kawai ya samu kuɗin motar da ya iso sadakar bakwai.

Tun daga ranar nake ta juya maganar a raina. Ƙauyenmu yawan jama'arsa biyu ne. Da damina, in ka zo sallar magariba, masallaci ba ya ɗaukar mu, sai an shimfiɗa tabarmi a waje. Da an gama kaka, an ɗaure damman gero an zuba a rumbu, an kaɗe riɗi, an ɓare zoɓo, sai ka ga samari da magidanta suna fita ɗaya bayan ɗaya da 'yar jakar buhu a kafaɗa. Kafin sanyi ya wuce, sahu biyu ba ya cika. Gari ya koma na mata da yara da tsofaffi, sai hadari ya fara haɗowa a gabas sannan 'yan ci-rani su fara dawowa.

To, da wanne daga cikin biyun aka san mu a takarda?

Ƙidayar jama'a ta ƙarshe da aka yi a Najeriya ita ce ta watan Maris na 2006, wadda ta ce mu mutum miliyan 140 ne da ɗoriya, Jigawa kuma miliyan 4 da dubu ɗari uku da 'yan kai. Watan Maris a wajenmu shi ne tsakiyar ci-rani. Gaskiya ne wasu sun yi ƙoƙari sun dawo don a ƙirga su a gida, amma mai yankan farce ko shushaina da ke tara naira-naira ba zai ƙona abin da ya tara a kuɗin mota na zuwa da komawa ba. Inda aka same shi nan aka rubuta shi, in ma an rubuta shi, domin mutumin da ke kwana a baranda ko a kangon gini ba lallai ba ne malamin ƙidaya ya gan shi. Ƙidayar 1991 kuwa a watan Nuwamba aka yi ta, ana tsakar kaka, kowa yana bakin gonarsa. Sannan sakamakon 2006 da aka wallafa a matakin ƙaramar hukuma ya tsaya, bai sauko kan ƙauyuka ɗaya bayan ɗaya ba. Aka sa ranar wata ƙidayar a farkon watan Mayun 2023, aka horar da ma'aikata, ana saura 'yan kwanaki gwamnatin Muhammadu Buhari ta ɗage. Jaririn da aka yi wa suna a makon da masu ƙidayar 2006 suka zo garinmu, ni na koya masa baƙaƙe a aji ɗaya, yau yana da mata da ɗa.

Wani zai ce mene ne ruwan talakan ƙauye da lissafi. Ruwansa babba ne. A tsarin rabon kuɗin tarayya tsakanin jihohi, yawan jama'a shi ke da kashi 30 cikin 100 na ma'auni. Da lissafin nan ake yanke azuzuwa nawa za a gina, ma'aikacin lafiya nawa za a turo, allurar rigakafi da gidan sauro nawa za a kawo. Na koyar a ajin da yara suka cika shi har bakin ƙofa, kowa a ƙasa, na baya ba ya hango allo. Ginin an yi shi ne daidai da garin da aka sani shekara talatin baya.

Haihuwa kuwa, alhamdu lillahi, ba ta yanke ba. Da wuya mako ya fita ba a ji guɗar suna a wata unguwa ba. Binciken lafiya da yawan jama'a na ƙasa na 2018 ya nuna cewa a matsakaici mace a Najeriya tana haihuwar 5.3, a Arewa maso Yamma 6.6, a Legas 3.4. Binciken ya kuma ce a cikin kowane yaro 1,000 da aka haifa a ƙasar nan, 132 ba sa kai shekara biyar, a shiyyarmu kuwa 187 ne. Wannan adadi na biyu ba sai an karanta mana ba. Duk wanda ya shiga maƙabartarmu bayan damina, lokacin da zazzaɓin cizon sauro ya haɗu da ƙarancin abinci, zai ga ƙananan kaburbura sun fi manya yawa. Kuma a wancan lokacin ƙasa da rabin ƙananan yaran ƙasar nan ne aka yi wa rajistar haihuwa, kashi 43 cikin 100 a binciken, ke nan yaro yana iya zuwa duniya ya koma ba a taɓa rubuta sunansa ko'ina ba.

Ni ban ɗauki 'ya'ya a matsayin matsala ba, kyautar Allah ne. Abin da ke hana ni barci shi ne gona, don ita ba ta haihuwa. Bari in ba da misali da gidanmu. Mahaifinmu, Allah Ya ji ƙansa, yana da gonar gandu da ake kwana biyu ana huɗa da garmar shanu, ga saura da yake bari ta huta shekara biyu ko uku. In damina ta yi kyau rumbunansa uku sukan cika, tsohon gero ya tarar da sabo. Da ya rasu aka zo rabon gado, mu maza biyar mata uku. Ina tuna liman da dattawa biyu suna jan igiya, ana kafa turke, daga baya kowa ya dasa gamba a kan iyakarsa. Rabona ya ishe ni ne kawai saboda ina da albashi. Yanzu ni ma ina da maza shida da mata huɗu. In aka ja igiya a kan nawa kason, abin da kowane namiji zai samu bai wuce wurin da za a yi shuka da hantsi a gama kafin azahar ba. Babu sauran saura. Gonar da ake nomawa kowace shekara ba hutu sai ta gaji, ƙuduji ya mamaye ta da jan furensa, geron ya tsaya iya gwiwa. Taki kuma, buhun na zamani ya fi ƙarfin mai ƙaramin ƙarfi, na gargajiya sai mai dabbobi, dabbobin kuwa an sayar an ci.

Wannan ita ce asalin ci-ranin yau. Iyayenmu ma sun yi ci-rani, amma nasu na neman kuɗin haraji ne da tufafin sallah, da rage bakin da ke cin rumbu. Na yanzu shi ne abincin gidan kansa. Hatsin da magidanci ya noma, a gidaje da yawa ba ya kai watan huɗu. Daga nan sai jiran waya. Matar gida ta tura yaro da lambar asusun mai POS, mijin ya turo abin da ya samu, a cire na caji, a kai wa mai awo. A da da tiya ake awo, yanzu na ga mata suna saye da gwangwanin madara. In mako ya zo babu aiki a birni, gidan nan zai kwana a kan tafasa ko zogale da ɗan ƙuli-ƙuli.

Zan zama marar adalci idan na ce komai baya ya ci. Ina yaro kurkunu yana kwantar da manoma a tsakiyar damina, yanzu jikokina ba su san shi ba, tun 2013 aka tabbatar ƙasar nan ta rabu da shi. Ƙyanda da shan-inna sun ja baya ƙwarai. Ɗakunan kara da ciyawa da yawa sun koma na kwano, kuma kusan kowane rufin kwano kuɗin ci-rani ne. Akwai waya a kusan kowane gida, akwai yaron da ya kafa faifan sola yana cajin wayoyi, akwai babura. 'Yan mata da ke zuwa makaranta sun fi na zamanin da na fara koyarwa nesa ba kusa ba, ko da yake mafi yawansu a aji shida suke tsayawa, saboda ƙaramar sakandare tana da nisa kuma ba uban da zai saki 'yarsa ta bi daji ita kaɗai.

Amma ruwan sha har yanzu famfon tuƙa-tuƙa ɗaya ne. In ya lalace sai an yi karo-karo, kafin a gyara kuma a koma rijiya mai zurfin da sai an haɗa igiya biyu. Wutar lantarki ba ta iso ba. Girki da kara ne da kashin shanu, don itace ya yi wuya. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya domin kula da lafiya a matakin farko, da burin kowace mazaɓa ta samu asibiti ɗaya mai aiki. Buri ne mai kyau, sai dai mazaɓa a karkara ƙauyuka ne barjat a warwatse. Da idona na ga an ɗora mai naƙuda a amalanken shanu da tsakar dare, bayan ungozoma ta ce abin ya fi ƙarfinta, surukarta na riƙe da tocila, yaro ɗan shekara goma sha biyu ne ke kora shanun saboda mijin yana kudu. Allah Ya sa ta sauka lafiya, amma ba kowace ke dacewa ba.

Shekarar 2023 ta ƙara mana nauyi kashi biyu. Da aka cire tallafin man fetur a ƙarshen watan Mayu, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa wajen naira 500 cikin 'yan kwanaki, kuɗin mota zuwa kudu ya ninka, ɗan ci-ranin da kan leƙo gida sau biyu a rani ya koma sau ɗaya ko babu. Sai ga juyin mulkin Nijar a watan Yuli, aka rufe iyaka har zuwa Maris na 2024. Kasuwar Maigatari ta ranar Alhamis, inda muke kai akuya mu sayo hatsi, inda 'yan'uwanmu na ƙasar Damagaram ke kawo shanu da raƙuma, ta yi sanyi a watannin nan. Riɗinmu da zoɓonmu suna tafiya har ƙasashen waje, zoɓon ma har Meziko, amma manomi da kaka yake sayarwa, lokacin da farashi ke ƙasa, domin mai bashin da ya ci da damina yana tsaye a ƙofar gida.

Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta fitar da rahoto a watan Nuwamban 2022 cewa mutum miliyan 133, wato kashi 63 cikin 100 na 'yan ƙasa, suna cikin talaucin da ya haɗa da rashin lafiya da ilimi da ruwa da makamashin girki da aikin yi. A karkara kashi 72 ne, a birane 42. Na yarda da rahoton, don na ga kayan cikin gidajenmu a cikinsa. Sai dai wannan hoton ƙasa ne baki ɗaya. Ba zai gaya wa mai tsara kasafi cewa ga wani gari a bayan tudun yashi da yaransa suka ninka azuzuwansa ba.

Zamanin da ake biyan haraji da jangali, kafin Gwamna Abubakar Rimi ya soke su a tsohuwar Jihar Kano a 1979, dagaci yana da sunan kowane baligi a littafi, mai unguwa kuma ya san wanda ya tafi da wanda ya dawo. Soke harajin alheri ne da ba mu manta ba. Amma littafin bai kamata ya tafi tare da shi ba. Har gobe ba a raɗa wa jariri suna ba tare da liman da wanzami da mai unguwa sun sani ba, ba a kuma binne mamaci a ɓoye. In aka ba kowane mai unguwa littafi da ɗan alawus, aka haɗa shi da malamin makaranta ɗaya, haihuwa da mutuwa ba za su ɓace ba.

Don haka, Malam Edita, ina roƙon jaridarka ta isar da saƙona ga Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa da wakilanmu a majalisa. Duk ranar da za a yi ƙidayar nan, a sa ta da kaka, kamar yadda aka yi a 1991, lokacin da hanyoyi sun bushe kuma mazan gari ba su watse ba. A tambayi kowane gida mutum nawa ne ke tafiya ci-rani da watanni nawa suke yi. Idan an gama a wallafa adadin kowane ƙauye da sunansa, yadda mai unguwarmu zai iya riƙe takarda ya je sakatariya ya nemi aji da famfo da ma'aikaciyar jinya. Ina kuma gayyatar wakilinku ya zo ya gani, sau ɗaya a watan Agusta, sau ɗaya a watan Maris. Masaukinsa yana zaurena.

Na gode. Allah Ya ƙara wa jaridarku albarka.

Naku,
Wani malamin firamare mai ritaya,
daga ƙasar Gumel, Jihar Jigawa.