Wasiƙa Zuwa Ga Aminina Kan Takarar Manyan Ƙasashe

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya kai da iyali, wasiƙarka ta iso, kuma na tsaya a kan inda ka ce tunda Amurka ta mamaye Iraƙi a 2003 ba tare da amincewar Kwamitin Sulhu ba, ba ta da bakin da za ta zargi Rasha kan yaƙin Yukiren, sannan ka ƙara da cewa makaman nukiliya ne suka tsare duniya daga yaƙi na uku.

Batun baki biyu ba na jayayya da kai. Ka tuna yadda Colin Powell, sakataren harkokin wajen Amurka na lokacin, ya zauna a gaban Kwamitin Sulhu a watan Fabrairun 2003, yana ɗaga 'yar ƙaramar kwalba don ya tsoratar da duniya game da makaman ƙare dangi da aka ce Saddam ya tara, makaman da har yau ba a gano su ba, har shi kansa Kofi Annan ya faɗi a 2004 cewa yaƙin ya saɓa wa dokar Majalisar Ɗinkin Duniya. A 1962 Amurka ta kai duniya bakin halaka saboda Tarayyar Sobiyet ta girke makamai masu linzami a Kyuba, alhali nata suna jibge a Turkiyya suna kallon Masko. Amurkar ce kuma take cewa kowace ƙasa tana da 'yancin zaɓen abokan ƙawancenta, amma da tsibiran Solomon suka ƙulla yarjejeniyar tsaro da Sin a 2022, sai hankalinta ya tashi. Sin ta yi watsi da hukuncin da aka yanke a 2016 kan rikicinta da Filifin a teku, ita kuwa Amurka da ke matsa mata ta bi hukuncin ba ta taɓa tabbatar da yarjejeniyar dokar teku ta Majalisar Ɗinkin Duniya da aka gina hukuncin a kanta ba. Rasha da ta yi ta kumfar baki kan Iraƙi ita ce ta haɗiye yankin Kirimiya na Yukiren a 2014. Da ma laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani.

Sai dai manomin Yukiren da aka rushe wa gida ba shi ya kai hari Bagadaza ba, don haka ban ga yadda laifin Amurka zai zama hujjar da za a kashe shi ba. A nan muka rabu da kai.

Maganar tsoron juna kuwa, gaskiya ne Amurka da Sobiyet ba su taɓa gwabzawa kai tsaye ba, saboda zaman kar-ta-san-kar da suka yi shekaru sama da arba'in. Amma yaƙin bai mutu ba, gurbi ya sake, ya koma Koriya da Biyetnam da Angola da Afganistan, inda miliyoyin mutane suka mutu da makaman da ɓangarorin biyu suka raba. Zaman lafiyar da suka samu wa kansu ma sa'a ta taka rawa a ciki. A watan Satumban 1983 na'urar gargaɗin Sobiyet ta nuna cewa Amurka ta harbo makamai biyar, sai hafsan da ke bakin aiki, Stanislav Petrov, ya yi tunanin cewa mai son fara irin wannan yaƙi ba zai fara da biyar kacal ba, ya kai rahoto cewa kuskuren na'ura ne. Hasken rana ne ya bugi gajimare ya ruɗi tauraron ɗan Adam. Ni ban iya kiran tsarin da ya rataya a kan nutsuwar mutum ɗaya cikin dare tsaro ba.

Abin da ya fi damuna shi ne darasin da ƙananan ƙasashe suke ɗauka. Yarjejeniyar hana yaɗuwar makaman nukiliya ta 1968 ciniki ce: marasa makamin su haƙura da nemansa, ƙasashe biyar da suka mallake shi kuma su yi aikin rage nasu har su rabu da shi. An rage adadi, amma babu ɗaya cikin biyar ɗin da ta nuna niyyar rabuwa da shi, hasali ma Amurka ta fice daga yarjejeniyar makamai masu matsakaicin zango a 2019, Rasha kuma ta dakatar da aiki da yarjejeniyar New START, wadda ta ƙayyade yawan makaman nukiliyarta da na Amurka, a 2023. Yukiren ta miƙa makaman da ta gada daga Sobiyet bayan an rattaba hannu a Budapest a 1994, inda Rasha da Amurka da Birtaniya suka yi alkawarin mutunta iyakokinta. Gaddafi ya rufe shirinsa na ƙera makamin a ƙarshen 2003, ya sha yabo, a 2011 kuma jiragen NATO suka taimaka wa 'yan tawaye suka kifar da shi. Koriya ta Arewa da ta yi kunnen uwar shegu ta gwada nata bam ɗin a 2006, ga ta nan har yau ana yi mata barazana daga nesa, babu wanda ya taɓa ta. Duk shugaban da ya jera waɗannan uku a gabansa ya san hisabin da zai yi, shi ya sa ma a Koriya ta Kudu, ƙasar da sojojin Amurka suke zaune a cikinta, ƙuri'un jin ra'ayi suke ta nuna cewa mafi yawan jama'a suna son ƙasarsu ta ƙera nata.

Tunda kai ka yarda cewa makamin ne ke kawo zaman lafiya, ina so a wasiƙarka ta gaba ka gaya mini da wace hujja za ka hana Iran ko Koriya ta Kudu ko Folan su nemi nasu, kuma ƙasashe nawa kake ganin za su iya riƙe shi kafin wata na'urar ta sake kuskure.

Ka gaishe mini da mutanen gida baki ɗaya.

Naka,
Amininka