Wasiƙa zuwa ga aminina a kan Gertrude Elion

Aminina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali, kuma sanyin can bai takura muku ba. Wasiƙarka ta iso, na ga ƙorafinka kan yadda ake auna malamin jami'a da yawan takardun da ya wallafa da yawan masu ambatonsa. Tun da na karanta nake ta tuna Gertrude Elion, masaniyar sinadarai 'yar Amurka, wadda aikin hannunta nake taɓawa duk ranar da na ƙirga ƙwayoyin 6-MP ga uwar yaro mai sankarar jini a ɗakin magani na asibitinmu.

An haife ta a birnin Niyok a 1918, kuma tana da shekara 15 sankara ta kashe kakanta, abin da ya sa ta zaɓi ilimin sinadarai. Ta gama kwalejin Hunter a 1937, amma ɗakunan bincike suka rufe mata ƙofa saboda ita mace ce, har sai da ta yi aikin auna tsamin kayan abinci a wani kamfani. Sai a 1944, da Yaƙin Duniya na Biyu ya kwashe maza, wani masanin sinadarai mai suna George Hitchings ya ɗauke ta a kamfanin magunguna na Burroughs Wellcome. Ta fara karatun digiri na uku da yamma, aka ce ta zaɓa tsakaninsa da aikinta, ta zaɓi aikin.

Abin da nake so ka duba shi ne hanyar da ita da Hitchings suka bi. A zamanin, mai neman magani yakan gwada sinadarai barkatai, yana jiran sa'a. Su kuwa sai suka fara da tambayar abin da ƙwayar sankara take buƙata kafin ta rabu biyu. Tana buƙatar sinadaran fiyurin, waɗanda suke cikin tubalan gina DNA, wato sinadarin da ke ɗauke da bayanan gado a cikin ƙwaya. Elion ta riƙa ƙera na jabu, masu kama da na gaske ta yadda ƙwayar za ta karɓe su, amma da zarar sun shiga sai ginin ya tsaya. A 1951 ta ɗauki wani fiyurin, ta cire oksijin daga gurbi na shida, ta sa farar wuta a madadinsa, aka sami 6-MP. An gwada shi ga yara a asibitin Sloan-Kettering, hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi a 1953.

Kada ka ɗauka ya warkar da su nan take. Cutar takan lafa na wasu watanni ta dawo, kuma Elion ta shafe shekaru tana bin diddigin yadda jiki yake narkar da maganin. A ganina a nan gwanintarta ta fi fitowa, domin daga wannan bibiya aka sami Imuran, wanda ya sa dashen ƙoda tsakanin waɗanda ba tagwaye ba ya yiwu, aka kuma sami alofurinol. Shi wannan an nufe shi da hana jiki saurin lalata 6-MP, sai ya ɓuge da zama maganin ciwon gaɓoɓi na gawut. Har yau idan na ga an rubuta wa mara lafiya alofurinol da 6-MP tare, sai na koma wurin likita don a rage 6-MP ɗin sosai, in ba haka ba ya taru a jini ya yi ɓarna.

A 1988 aka ba ta kyautar Nobel tare da Hitchings da James Black, ba ta da digirin da aka ce sai da shi, ta kuma rasu a 1999. Yau a ƙasashe masu arziki kusan yara 9 cikin 10 masu irin sankarar jinin da ta fi kama yara suna warkewa, da haɗin magunguna da 6-MP yake cikinsu. A wurinmu kuwa, kai ma ka sani, sau da yawa iyaye suna zuwa a makare, ko kuɗi ya ƙare kafin a cika shekara biyu da ɗoriya da shan maganin yake ɗauka.

Ka rubuto mini yadda ta kaya da batun ƙarin girmanka. A gaida Hajiya da yara.

Naka amini.