Mu masu tafiya a ƙasa ba 'yan gari ba ne?

Assalamu alaikum Malam Edita,

Shirinku na daren Talata ya ɓata mini rai ƙwarai. Awa guda cur baƙonku injiniya yana ta kuranta gadar Pokuase mai hawa huɗu da aka buɗe a 2021, da ta Circle wadda mutane ke ce wa Dubai, yana lissafa mintocin da mai mota ya rage a hanya. Ko da wasa bai ambaci mai tafiya a ƙasa ba, mai gabatarwa ma bai tambaye shi ba. To mu da ba mu da ko keke fa?

A unguwar Madina ta nan Accra nake zaune. Mahaifiyata tana sayar da koko da ƙosai, kuma dole ta tsallaka babban titi a Zongo Junction in za ta sayo gero da wake. Tsohuwa ce mai ciwon gwiwa. Gadar ƙafar da aka yi mana, hawanta sai ka yi gaba ka dawo baya, ka sake yin gaba, kafin ka kai sama. Hajiya kan tsaya a tsakiya ta riƙe ƙarfe tana haki. Ga masu talla sun baje silifa da caja sun cinye rabin hanyar, ga yarinya kayayo, wato 'yar dako, ta taho da tasar doya a ka da goyo a baya, tana cewa a ba ta hanya, babu inda za a matsa mata. In dare ya yi kuma duhu ne, mace ba ta yarda ta hau ita kaɗai. Wanda ya gaji ya bi ta ƙasa, a ce masa mai taurin kai. Wallahi wanda ya zana gadar nan bai taɓa hawanta da kaya a kansa ba.

Kuma kada a manta yadda muka samu gadojin. Guda shida ne aka fara a kan titin Madina zuwa Adenta, aka watsar da su shekara da shekaru, motoci na ta kwashe mutane. Sai a Nuwamban 2018, da mota ta kashe wata ɗaliba, jama'a suka tare hanya suka ƙona tayoyi, sannan aka dawo da ma'aikata. Sai da jini ya zuba aka tuna da mu. Baƙonku bai ga wannan ya isa a faɗa ba?

Haka wurin jiran trotro, wato ƙananan motocin bas na haya. Ba rumfa, ba benci, a bakin kwata a buɗe muke tsayawa da yara 'yan makaranta, ruwan sama ya dake mu, rana ta dake mu. Mai keken guragu kuwa a kan kwalta yake tafiya tare da manyan motoci, domin gefen titi babu inda taya za ta bi.

Don Allah in za ku sake shirin, ku kawo kayayo ɗaya, da mai tura baro, da tsohuwa irin tawa, su zauna gaban injiniyan ya amsa musu baki da baki.

Sannan lokacin da kuka mayar da shirin Hausa ya ci karo da sallar Isha'i. Kafin mu fito daga masallaci kun rufe karɓar waya. Ku duba mana wannan ma.

Naku mai sauraro,
daga Madina, Accra