Wasiƙar fam ɗaya ba ta kashe bashin kati a Ingila

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili a jaridarku domin in yi magana da 'yan uwanmu mazauna Ingila, musamman waɗanda suka zo aikin jinya da kula da tsofaffi a 'yan shekarun nan, da kuma ɗalibanmu. Akwai wata magana da ke yawo a zaurukan WhatsApp, wai idan katin bashi ya yi maka nauyi, ka rubuta wa bankin wasiƙa ka haɗa da fam 1, in suka kasa kawo takardar da ka sa wa hannu, shi ke nan bashi ya mutu. Har an samu masu cewa a ba su na goro su rubuta maka wasiƙar. Rabin maganar gaskiya ce, kuma wannan rabin ne ke jefa mutane cikin rami.

Ga gaskiyar da ke ciki. Dokar da ake kira Consumer Credit Act ta 1974, a sashe na 78, ta bai wa mai katin bashi damar neman kwafin yarjejeniyarsa da bayanin abin da ake bin sa. Kuɗin nema fam 1 ne, kuma banki na da kwanakin aiki 12 ya amsa. In bai amsa ba, ba shi da ikon tilasta biya ta hanyar kotu har sai ya kawo takardar. Wannan haƙƙi ne, kuma kowa zai iya rubuta wasiƙar da kansa, don samfurinta yana nan kyauta a wurin National Debtline, ƙungiyar da ke ba da shawara kan bashi.

To amma masu yaɗa maganar ba sa faɗin abin da kotuna suka yanke tun 2009. A shari'ar McGuffick da bankin RBS, alƙali ya ce hana tilastawa bai goge bashin ba. Yana nan daram, banki zai iya ci gaba da neman kuɗinsa, zai kuma iya kai sunanka ga kamfanonin da ke ajiye tarihin bashi, wato su Experian da Equifax da TransUnion. A ƙarshen shekarar kuma, a shari'ar Carey da HSBC a Manchester, kotu ta ce ba dole ne banki ya fito da ainihin takardar da ka sa wa hannu ba, ya isa ya sake haɗa kwafi na gaskiya daga bayanan da ke hannunsa. Ranar da ya haɗa ya aiko, ikonsa ya dawo. Idan kai kuwa ka daina biya kana jiran bashi ya mutu, an riga an rubuta maka tabon gaza biya, kuma shekara 6 yake yi a tarihinka. Wanda ya taɓa neman hayar gida ko kwantiragin waya a ƙasar nan da wannan tabon ya san abin da nake nufi.

Asalin jita-jitar ma tsoho ne. Kafin 6 ga Afrilu 2007, idan yarjejeniyar da aka sa wa hannu ba ta ɗauke da muhimman sharuɗɗa, kamar iyakar kuɗin da za a iya ci da yawan kuɗin ruwa da yadda za a biya, kotu ba ta da ikon tilasta ta sam. Gyaran dokar da aka yi a 2006 ya cire wannan ga duk yarjejeniyar da aka ƙulla daga waccan rana. Yanzu a gaya mini, cikinmu mutum nawa ne ke riƙe da katin da ya buɗe kafin 2007? Yawancinmu a lokacin ko fasfo ba mu yi ba.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne, muna bin ƙofar da aka toshe, mun bar waɗanda ke buɗe. Idan banki zai ƙara maka kuɗin ruwa, sai ya sanar da kai kwana 30 kafin nan, kuma kana da kwana 60 ka ce ba ka yarda ba. Za a rufe katin, ka biya abin da ya rage a kan tsohon farashi. Da yawanmu wannan takarda na zuwa, mu ajiye ta ko buɗewa ba mu yi ba. Idan kuma banki ya yi ta ɗaga maka iyakar kati alhali yana ganin mafi ƙarancin biya kake yi kowane wata, albashinka bai ƙaru ba, kana da hujjar cewa an ba ka bashi ba tare da an duba ƙarfinka ba. Ƙa'idojin FCA, hukumar da ke sa ido kan bankuna da masu ba da bashi, sun wajabta musu wannan dubawa. Sashe na 140A na waccan doka ta 1974 kuma ya bai wa kotu damar shiga tsakani idan mu'amalar ta zama ta danniya, har ta rage bashin ko ta sa a mayar da kuɗi.

Hanyar ba ta da wuya. Ka rubuta wa bankin ƙorafi, ka faɗi sharaɗin da kake jayayya a kai da abin da kake so a yi, ka ajiye kwafi. Suna da mako 8 su ba ka amsar ƙarshe. In ba ta gamsar da kai ba, ko suka yi shiru, kana da damar kai ƙara ofishin Financial Ombudsman Service, mai warware rikici tsakanin banki da abokin hulɗarsa, kuma wata 6 kake da shi daga ranar amsar. Ko kwabo ba za ka biya ba, ba ka bukatar lauya, kuma idan aka yanke hukunci ka karɓa, dole banki ya bi. Inda aka samu banki da laifin ba da bashi da ganganci, galibi kuɗin ruwa da tara ake cirewa, uwar kuɗin da ka ci kuwa sai ka biya. Ni dai ban ga aibu a nan ba. Hukuncin riƙe katin da ke da ruwa na bar wa malamai, amma abin da ka saya ka ci ka sha, ban san malamin da zai ce maka wasiƙar fam ɗaya ta sauke maka shi ba.

Na san kunya ce ke sa wasunmu bin masu raɗa a waya maimakon zuwa ƙungiyoyin ba da shawara irin su Citizens Advice ko StepChange, kada a ji a gida cewa wane na Turai ana bin sa bashi. Bashi hanji ne, yana cikin kowa, kuma waɗannan wurare kyauta suke aiki, ba sa kai labarinka ko'ina. Su ne ma za su iya shigar da kai shirin Breathing Space, wanda tun 2021 yake dakatar da kuɗin ruwa da matsin masu bin bashi na kwana 60 a Ingila da Wales.

Wanda duk da haka zai aika wasiƙar sashe na 78, ya aika, tana da amfani wajen sanin abin da ya sa wa hannu, musamman idan an sayar da bashin ga wani kamfani. Ya dai rubuta a fili cewa fam 1 ɗin kuɗin nema ne, ba biyan bashi ba, domin biya ko amsa bashi a rubuce yana sabunta lissafin shekara 6 da doka ta bai wa mai bin bashi ya kai ƙara. Idan kuwa takardar kotu ta riga ta iso, kada ya jira amsar banki, kwana 14 kawai yake da shi ya mayar wa kotu martani.

Na gode.

Mai karanta jaridarku,
daga Birmingham