Dinari ɗari ma kuɗi ne

Kachia, Jihar Kaduna

Abokina,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Yaya Fatakwal, yaya aiki, yaya maman yara da yaran? Mu nan lafiya lau, sai kewarku.

Ranar da ka buga mini waya kana tambaya wai da gaske ne an gan ni ina cin tuwo kwano ɗaya da ɗan Goggo, na ce maka maganar ba ta waya ba ce. To ga ta a rubuce, don in da baki ne na san ba za ka bar ni in kai ƙarshe ba.

Da gaske ne. Har miya na ƙara masa.

Farkon labarin ka san shi, tunda kai ka ranta mini kuɗin mota lokacin da nake yawon nemansa. Buhu 14 na busasshiyar citta, wadda ni da uwargida muka tsattsaga da wuƙa har hannuwanmu suka yi kanta, muka shanya a kan fā cikin sanyin hunturu. Ya ce yana da mai saye a Kano da zai biya fiye da 'yan kasuwar nan. Da hannuna na taya shi lodi. Daga ranar lambarsa ta daina shiga. Kuɗin makarantar babbar 'yata ke nan, yarinya ta zauna gida shekara guda tana taya uwarta suyar ƙosai.

Abin da ban taɓa faɗa maka ba shi ne, shekara 5 ban yi Addu'ar Ubangiji ta cika ba. Ina farawa da jama'a lafiya lau, amma da an iso wurin da muke roƙo a gafarta mana kamar yadda muke gafarta wa masu yi mana laifi, sai tari ya taso mini. Kowace Lahadi, daidai wurin. Ranar Jibin Ubangiji kuwa sai in sulale kafin a ɗauke farin ƙyallen da ke kan tebur, kamar mai wani uzuri a waje. Kuma duk wannan ina cikin mawaƙa, ina ba da baiko, ana ce mini mutumin kirki.

Sai 2023 ta zo da annobar citta. Ka ji labari a rediyo, amma gani ya kori ji. Ana tsakiyar damina ganye ya fara yin ɗorawa, in ka tona sai ka tarar saiwar ta ruɓe tana wari. Kachia, Jaba, Kagarko, kowa kuka yake. Ko iri ban tsira da shi ba. Ban ce Allah ya aiko cutar domina ba, ba ni da wannan girman kan. Amma a shekarar na san ɗacin tsayawa a ƙofar wanda yake bina bashi ina murza hula, ina cewa a ƙara mini haƙuri.

Bayan nan Goggo ta rasu, sai ga shi ya bayyana wurin jana'iza, ya rame kamar ba shi ba. Da dare ya zo gidana ya durƙusa a tsakar gida. Ya ce wani ne ya yaudare shi ya zuba kuɗin cikin wata harka, kuɗi suka nutse, kunya ta hana shi dawowa. Na ce, "Na ji." Na shige ɗaki na bar shi a durƙushe. Ba zan ɓoye maka ba, daɗi na ji.

Ka tuna Baba mai bishara, wanda yake fita da mu wa'azi ƙauyuka zamanin da muke 'yan Sabon Rai? Yana nan, idanu sun yi rauni amma kai garau. Shi ya aiko a kira ni. Na tafi da shirin jin wa'azin haƙuri maganin zaman duniya, sai ya miƙo mini Littafi Mai Tsarki ya ce in karanta masa Matiyu 18 daga aya 21, shi ba ya gani. Na karanta tambayar Bitrus, da amsar bakwai sau saba'in, da bawan nan da sarki ya yafe wa talanti 10,000 amma ya fita ya shaƙe wuyan ɗan'uwansa a kan dinari 100.

Sai ya ce in yi masa lissafi, tunda na yi boko. Dinari ɗaya ladan aikin yini ne, haka yake a misalin ma'aikatan gonar inabi a sura 20. Ashe dinari 100 ya fi ladan wata uku. Ya ce, "Ka gani? Yesu bai ce ba kuɗi ba ne. Mutum ya yi wata uku yana ƙwadago a hana shi, ai dole ya ji ciwo." Wannan maganar ce ta karya ni. Shekara 5 kowa na ce mini in manta, abin duniya ne, ba wanda ya taɓa yarda cewa an cuce ni. Sai da tsohon ya bari na share hawaye sannan ya ce in lissafa ɗaya bashin. Talanti ɗaya dinari 6,000 ne. Na buga a waya, ya ba ni dinari miliyan 60. Ya ce, "To, wannan naka ne. Wa ya biya?" Bai ƙara kome ba, ya koma kan kununsa.

Kada ka ɗauka daga nan na tashi da farar zuciya. Sati biyu na yi ina jayayya da Allah a gona. Ranar da na je wurin ɗan Goggo ma ba don raina ya so ba ne, ƙafa ce kawai na tilasta wa. Na ce masa na yafe, muryata kamar ta mai karanta sanarwa. Washegari na farka da fushin nan daram. Sai na sāke yafewa. A nan na fara zargin cewa bakwai sau saba'in ɗin nan ba lallai laifi 490 ba ne, yana iya zama laifi ɗaya da mutum zai yi ta yafewa kowace safiya.

Na san abin da za ka ce: wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma gudu yake. Ban musa ba. Yafewa dabam, miƙa masa buhu kuma dabam. Ko Yusufu sai da ya gwada 'yan'uwansa, har da sa ƙoƙon azurfa a buhun Biliyaminu, kafin ya ce musu shi ne. Mun zauna gaban dattawan ikilisiya, shi da bakinsa ya ce zai biya. Na yafe rabi, rabin yana biya da kaɗan-kaɗan. Ya yi wata shida ƙarƙashin horo, yana zama bencin baya. Yanzu muna noma masara tare a gonar bakin rafi, amma ni nake kai wa kasuwa.

Abin da ban zata ba, shi ya fi ni wahalar gaskata abin. Har yau in na ɗaga murya a kan wani abu dabam sai ka ga jikinsa ya yi sanyi. Na tuna 'yan'uwan Yusufu: shekara 17 Yakubu ya yi a Masar, amma da ya rasu sai tsoro ya sāke kama su, wai yanzu za a rama. Shi ya sa nake kiransa cin tuwo a tsakar gida inda kowa zai gani, wanda ya kawo maka gulma ma ya gani.

Uwargida ba ta kai nan ba tukuna. Tana zuba masa abinci, amma gaisuwarta ba ta wuce "sannu". Ban matsa mata ba, ita ta sha hayaƙin ƙosai. 'Yar kuwa ta gama makaranta, ita ce ma ta fara ce masa Kawu.

Ranar da aka dawo da shi daga horo Lahadin Jibi ce. Faranti ya biyo layinmu, na ɗauki gurasa na miƙa masa. Addu'ar ma na kai ta ƙarshe, ko da yake muryata ta ɗan yi rawa a wurin nan.

Kuɗin motar da ka ranta mini ban manta ba, in masara ta shigo za ka ji alat. In za ku zo Kirsimati ka sanar da ni da wuri a gyara ɗakin baƙi, rufin yana yoyo ta gefen taga. Ka gaida mutanen gida duka, ka kuma sa uwargida cikin addu'a.

Naka,
abokinka na tun yarinta